Ganyen Waken Malam Gado

Duk wanda ya ratsa Sakajiki da damina ya san gonar Malam Gado, don ba ya barin ciyawa ta kwana a cikinta. Waken da ganyensa ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance kuwa, tumɓuke shi yake ya ƙone. Maƙwabcinsa Muhtari, mai sakaci da gona, ya sha gori a bakinsa har ya gaji.

Ana nan sai jikarsa Muhsina, mai karatu a jami'a, ta bugo waya tana son a aiko mata da ganyen wake mai ciwo.

"Mi za ki yi da shi, amarya? Miya?"

Ta yi dariya, ta ce ƙwayar cutar da ke ɓata ganyen ba ta kama mutum, kuma masana na gwada ta ko za ta taimaki jiki ya yaƙi sankara. Aikinta na kammala karatu ke nan, in damina ta wuce ta rasa shekarar.

Tsoho ya ce to, amma zuciyarsa ta ƙi. Yaya za a buɗe saƙo gaban malamai a ga ruɓaɓɓen ganye, a ce daga gonar kakanta ne? Sai ya tsinko lafiyayyu shar, ya haɗa da ƙullin daddawa, ya ba direban motar Kaura ya kai mata. Wallahi ban ga laifinsa ba, haka aka tarbiyyantar da mu.

Da saƙon ya isa, Muhsina ba ta yi faɗa ba. Waya kawai ta sake bugowa.

"Kaka, ciwon da ya ɗauke Inna Gimbiya fa nake nufi."

Gimbiya matarsa ce, shi ya yi jinyarta har ta cika. Ga shi gonarsa babu ganye mai ciwo ko ɗaya.

Da hantsi aka gan shi a bakin gonar Muhtari, yana sallama ƙasa-ƙasa.

"Malam, yau kai ne a gonar raggo?"

"Ni ne. Ciwon wakenka nika roƙo, in Allah ya sa ka bari."

Muhtari ya buɗe baki zai rama gorin shekaru, sai ya ga idon tsohon. Ya duƙa suka tsinka tare, Malam Gado yana zaɓar waɗanda suka fi muni, yana jera su a ƙwarya a hankali kada su karye.