Ɓawon Gyaɗa a Cikin Giya

Kafin sunana ya ɓaci, ni makanike ne a Tasawa, kuma Allah ya ba ni kunne. Mota ta wuce kawai, zan faɗa maka ciwonta. Shekarun nan da muka karɓi mulkin kai gyaɗa ta yi albarka, ’yan kasuwa da ma’aikata kowa yana son tsohuwar motar da Turawa suka bari. Duk mai saye sai ya biyo garejina neman shawara.

Da ɗan goro ɓarnar ta fara. Wani mai sayarwa ya danƙa mini ɗan abu, ya ce in kau da kai daga wata ’yar tsagewa a jikin injin motarsa. Na kau da kai, ba abin da ya faru. Daga nan na koyi daka ɓawon gyaɗa lukui in zuba cikin akwatin giya. Motar da ke kuka kamar ana yankan akuya sai ta yi tsit na ’yan makonni. Mai sayarwa ya sallame ni, mai saye ya yi mini godiya, ni kuwa ina ganin duk garin ba mai wayona.

Sai Mushe Nomau ya zo, malamin lakwal ne, wato makarantar boko (Mushe muke ce wa malamanta), maƙwabcinmu tun muna yara. An tura shi koyarwa Hawan Dawaki, ga tsohuwarsa kwance a Tasawa, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta yarda kowa ya juya ta sai shi. Dole kullum ya je ya dawo. Na kai shi ga wata mota da na san na cika wa ɓawo, bututun birkinta ma da roba na ɗaure.

Ko murfin inji bai ɗaga ba. Ya ce, “Ɗan’uwa, ni alli na sani, ban san mota ba. Wagga tana kai ni ta maido ni?”

Na ce, “Wallahi tana kai ka, Mushe.”

Da gangan na haɗiye rabin maganar, wai don kada rantsuwa ta kama ni. Har yau in na tuna wannan wayon banza kunya ce take rufe ni.

Ta kai shi kuwa. Ran nan yana dawowa da la’asar giya ta cije, birki ya ƙi, ya rungumi bishiyar gawo. Da jandarmomi masu binciken hatsarin suka sa aka buɗe akwatin giyar, abin da ya zubo kamar kunun gyaɗa, kuma kowa ya san hannun wa ke nan. Sauran waɗanda na cuta suka fito, alƙali ya tura ni gidan kaso a Maraɗi. Shi ma Mushe Maraɗin aka kai shi, asibiti, aka yanke masa ƙafa. Yana can kwance tsohuwar ta rasu.

Da na fito, gidansa na fara zuwa. Na durƙusa gabansa neman gafara. Ya dube ni ya ce, “Ƙafa na yahe maka. Amma inna ta cika tana tambayar ina na tsaya, wannan ban iya ba tukuna.” Ban ga laifinsa ba. Na tuba, na koma noma, ban sake sa baki a cinikin kowa ba.

Samari, in za ku sayi tsohuwar mota, ku hau ta cikin yashi mai zurfi, ku ɗiga man giya a tafin hannu ku murza, kuma kada ku nemi shawarar wanda ke shan shayi da mai sayarwa. In kuwa ku aka tambaya, ku faɗi aibin duka, ko ciniki zai watse. Na gama zaman kaso da daɗewa, amma har gobe in na ji ƙarar sandar Mushe a lungunmu sai in rasa inda zan sa idona.