Baturen da Ya Faɗi Zaɓe a Zuru

Gari bai gama wayewa ba muka bar tashar Sakkwato, cikin wata ƙaramar mota da aka yi wa lodi har ƙofar baya ta ƙi rufuwa sai da igiya. Masu bibiyata sun san ni ɗan Zuru ne, koyarwa ce ta kawo ni Sakkwato. Wanda ba ku sani ba shi ne abokin tafiyata, wani dogon Bature daga wata ƙaramar ƙasa a gabashin Turai, wanda gwamnatinsu ta turo jami'a ya koyi Hausa. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa ko na ƙasarsu, don haka zan riƙa ce masa ɗalibina, tunda ni ke gyara masa baki da yamma, shi kuma yana gyara mini kwamfuta.

Hausarsa ta littafi ce da rediyo. Ya yi shekaru a ƙasarsu yana haddace karin magana, ya sauka Sakkwato da tunanin ya gama, sai ɗan acaɓan farko ya ce masa, "Annasara, ina zaka? Mi kaka biɗa?" Ya ce ranar sai da ya koma ɗaki ya buɗe ƙamus, ya ga ko jirgi ya sauke shi a wata ƙasa ce daban. Tun daga nan rayuwarsa ta zama koko da ƙosai da safe, aji idan malamai ba sa yajin aiki, da rana ya jiƙa tawul ya ɗora a ka ya kwanta a siminti yana jiran a kawo wuta. Babban baƙin cikinsa kuwa, duk wanda ya yi wa Hausa sai ya mayar masa da Turanci, Turancin da shi ma aro ya yi.

Ranar da muka tashi jajibirin zaɓe ce a ƙasarsu. Akwai jam'iyyar da ta yi alkawarin idan ta ci za ta soke tallafin karatun duk harshen da, a ganinta, ba ya kawo wa ƙasa kuɗi. Da wannan tallafin yake biyan haya da kuɗin makaranta. Ga shi ba shi da halin jefa ƙuri'a, domin ƙasarsu ba ta da ofishin jakadanci a nan, akwatin zaɓe mafi kusa da shi yana wata ƙasa, sai an hau jirgi. Da na ga mutum ya fara ramewa yana magana da waya shi kaɗai, na ce ya zo ya raka ni gida in gaida tsofaffi.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kuma shi an sa shi biyan kujera biyu a gaba saboda ƙafafunsa. Ya yi ƙoƙarin neman ragi da karin magana, ya ce wa direba sannu ba ta hana zuwa. Direba ya dube shi ya ce, "Gaskiya ta, amma ba ta sayen mai." Daga Tambuwal zuwa Aliero warin albasa ne ya raka mu, buhu kan buhu a bakin titi. A Jega muka karya da waina da soyayyen kifi, mai wainar ta ƙara masa uku kyauta don ya ce mata "ranki ya daɗe". Ba ta san cewa haka yake ce wa kowa ba, har ɗan kamasho.

Bayan Koko muka saki babban titi muka kama hanyar Mahuta. Nan direba ya fara rawa da sitiyari yana zaɓen ramin da ya fi sauƙi. A wani shinge, wani mai kaki ya leƙo ya ga farar fata, ya washe baki ya ce a ba su na ruwa. Ɗalibina ya buɗe jaka ya miƙa masa ruwan leda guda biyu, da hannu bibbiyu, ya ƙara da cewa Allah ya ba da ladan aiki. Mutumin ya tsaya riƙe da ruwan, sannan ya ɗaga mana sanda. Sai da muka yi nisa motar ta fashe da dariya. Dariyar ba ta daɗe ba, don akwai wani yanki na daji da kowa ya san labarinsa, inda hira ke mutuwa da kanta, Musulmi na jan carbi, wata mata a bayana tana addu'a da sunan Yesu a hankali. Da duwatsu suka fara bayyana, ga dawa ta nuna ana yanka a gindinsu, na san an fita. Muka ratsa Dabai, muka shiga Zuru rana ta karkata.

Gidanmu a Rikoto yake. Babana tsohon soja ne, kamar rabin tsofaffin unguwar, kuma har yau idan ya tsaya gaishe ka sai ka ji kamar za a duba takalminka. Mamana manomiya ce, Dakarci ne harshenta, Hausa a kasuwa da coci ta tsince ta. Ɗalibina ya durƙusa har ƙasa ya jero gaisuwar da ya haddace, har da tambayar dawaki da raƙuma. Baba ya ce dawaki dai babu, amma awaki suna gaishe shi. Aka kawo tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa da naman zabo. Ya ci ya suɗe hannu, Mama ta ce wannan yaron ba a ba shi abinci a Sakkwato, ta kalle ni kamar ni na hana.

Washegari Lahadi muka je coci. Da Hausa ake komai, wa'azi da waƙa da sanarwa. Ina lura da shi, ya miƙe wuya kamar zakara. Da aka tashi ya kama hannuna ya ce, "Malam, na gane duka. Har da maganar kuɗin rufin kwano." Dalili kuwa a fili yake: mutanenmu da yawa koyon Hausa suka yi kamar shi, suna yin ta a tsanake, ba sa haɗiye rabin kalma, kuma ba wanda ya yi masa dariya da ya mai da mace namiji a magana, don kakata ta fi shi iya wannan. Ranar ya wuni yana hira da tsofaffin mata, yana naɗar muryarsu da izininsu saboda bincikensa. Ya manta da waya har yamma.

Litinin da safe sakamako ya fito. Sabis ba ya shiga gidanmu sosai, sai an hau dutsen da ke bayan gida. Ya hau, na zauna a gindi ina shan kunu. Daga yadda ya sauko, yana taka dutse kamar mai ɗauke da tulu, na san ba sai na tambaya ba. Jam'iyyar nan ta ci, kuma ba da kyar ba.

Baba bai iya ganin namiji zaune ya haɗa kai da gwiwa ba. Ya ce ya tashi ya raka shi kasuwa. A kasuwar akwai shagon wani Ibo mai sayar da kayan gini, wanda ya zo Zuru tun ina goye, kuma a bencin ƙofar shagonsa tsofaffin sojoji ke taruwa su gyara Najeriya kullum kafin azahar. Baba ya gabatar da shi da cewa ga baƙonsa, an kayar da su zaɓe jiya. Nan take aka matsa masa wuri, kamar an ce ga mai zaman makoki.

Wani tsoho mai sanda ya fara tambaya. An sace akwati? Ɗalibina ya ce a'a. An kori wakilanku daga wurin ƙirga? A'a. To me aka raba, shinkafa ko atamfa? Ya ce ba a raba komai ba. Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Ashe a banza ma kuka faɗi." Wani ya ba da shawarar a garzaya kotu, ya ce ko ba a ci ba ana samun shekara guda ana sa rai. Ɗalibina ya ce ai ɗan takararsu ya riga ya kira wanda ya ci ya taya shi murna. Mai sanda ya ce to wannan an saye shi, ba wata magana.

Mai shagon, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu gudu, ya miƙo masa lemo mai sanyi ya ce, "Ɗan'uwa, ni ma karatun waje nake yi a garin nan, har furfura ta fito ban gama ba. Ana zaɓe a garinmu ina nan ina auna ƙusa. Ka sha lemo." Baba kuma ya kawo tasa ta'aziyyar, wadda a ganinsa ba ta da amsa. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, yaro. Alkawari suka yi za su soke, ko? Alkawarin ɗan siyasa ne. Mu nan an yi mana alkawarin hanyar da kuka biyo tun ina da ƙarfin fareti." Ɗalibina ya ce, "Baba, namu suna cikawa. Munanan dai." Wannan ita ce magana ta farko da ya yi da Hausa wadda ba daga littafi ya ɗauko ba, kuma sai da mai sanda ya nemi a maimaita masa don ya kai gida.

Da la'asar mahaifiyarsa ta kira. Ya sake hawa dutse, wannan karon na bi shi. Ban ji yarensu ba, amma na ga fuskarsa ta yi ja, ya ɗaga murya, sannan ya daɗe yana saurare. Da ya kashe wayar ya zauna a kan dutsen ya ce, "Ku kuna da sa'a. Idan kun faɗi sai ku ce maguɗi aka yi. Ni mahaifiyata ce ta zaɓe su." Ta faɗa masa da bakinta. Ita kaɗai ce a gida tun rasuwar mahaifinsa, ta ji an ce za a soke tallafi, ta lissafa cewa idan an soke ɗanta zai dawo, ta saka rigar cocinta ta je ta dangwala musu. Har ta ce ta fara gyara masa ɗaki.

Na so in yi dariya, na ga ba lokacinta ba ne. Muka sauko muka tarar da Mama tana sussukar dawa a tsakar gida. Ta tambayi abin da ya faru, na fassara mata da Dakarci, shi kuma ya ƙara da Hausa, yana jiran ta taya shi jin haushi. Mama ta ajiye taɓarya ta ce, "Wace alama ce jam'iyyar?" Ya ce itace. Ta ce, "Da suna nan, da na ba itace." Ba shi take kallo ba lokacin da ta faɗi haka. Ni kuma na ga ya dace in je in duba awaki.

Da yamma ya sake hawa dutsen ya kira mahaifiyar tasa. Wannan kiran ya fi na farko tsawo, kuma ba a ɗaga murya ba. Da ya sauko ya ce ta tambaye shi me yake ci a nan, ya yi ƙoƙarin bayyana mata tuwo, ta ce ya dawo kawai.

Ranar komawa Mama ta cika mana buhu da dawa da gyaɗa, ta ɗaure wa ɗalibina zabo a kwali. Baba ya ce idan gwamnatinsu ta kore shi daga karatu ya dawo, akwai gona, kuma a al'adarmu saurayi noma yake yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata, don haka ba zai rasa dalilin zama ba. Hanya ta karɓe mu yadda ta sake mu, sai dai wannan karon shi ya ja hira a mota, ya ba fasinjoji labarin zaɓen tun daga farko. Wata 'yar kasuwa ta goyi bayan mahaifiyarsa, wani ɗalibi ya goyi bayansa, aka yi ta musu har Jega. Ba wanda ya yi masa Turanci ko sau ɗaya. Mun shiga Sakkwato ana kiran magariba, zabo na raye, mu ma haka.

Ba a yi sati biyu ba saƙo ya iso masa: tallafi zai tsaya a ƙarshen wannan zangon karatu. Sun cika alkawari, kamar yadda ya faɗa. Yanzu yana rubutu ba ji ba gani don ya kammala abin da zai iya, kuma ya fasa rubutu a kan karin magana, ya koma kan Hausar tsofaffin matan Rikoto.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Na tafi da tunanin haushin siyasa namu ne mu kaɗai, na tarar kowa da irin nasa, har wanda ake ƙirga ƙuri'arsa daidai. Na kuma gane cewa wanda ya kayar da kai zaɓe ba lallai maƙiyinka ba ne, wani lokaci kewarka yake yi. Ɗalibina zai tafi gida kafin damina. Ni kuwa na gaya wa shugaban makarantarmu cewa hutun Kirsimeti kada a sa ni cikin masu darasin hutu, ina da sussuka a Zuru.