Takardun Malam Ja'afar Sun Tsufa

Malam Ja'afar manomi ne a wani ƙauye da ke gefen hanyar Bici, inda gonaki suka manne da juna har sai wanda ya san itatuwan iyaka ne zai gane inda tasa ta ƙare. Gero da gyaɗa yake nomawa da damina, da rani kuma ya sauka fadama ya yi albasa. Tun yana saurayi aka san shi da hali ɗaya: ba ya yar da komai. Tsohuwar tayar keke, igiyar guga da ta tsinke, ƙotar fartanya da ta tsage, duk suna bayan rumbu suna jiran ranar da za a neme su. Matarsa Aina'u ta yi magana har ta gaji ta bari.

Labarin nan shi da bakinsa yake ba da shi a majalisa bayan la'asar, kuma in yana bayarwa ba ya raga wa kansa.

Shekarun baya ƙaba ta fito masa ta gefen hagu, aka ce sai an yi tiyata. Kafin a yi, kwana biyu ya kwashe yana bin layi a asibiti. An ɗebi jini, an karɓi fitsari, an ɗauki hoton ƙirji, an manna masa wayoyi an auna bugun zuciya. Likita ya duba ya ce komai lafiya lau, aka yi aiki, ya warke. Malam Ja'afar bai yi boko ba, don haka wannan ce takarda ta farko a rayuwarsa mai ɗauke da sunansa da aka ce ya ci. Ranar kasuwa ya kai takardun Bici aka liƙe masa su cikin roba, irin yadda ake yi wa takardar kammala makaranta. Duk baƙon da ya kawo zancen rashin lafiya sai an ɗauko an nuna masa.

"Ni jinina an auna," yakan ce. "A rubuce yake."

Bayan shekara biyu, yana ɗora buhun gyaɗa a amalanke, sai ya ji abin ya motsa ta gefen dama. Bai tsorata ba. A ganinsa shi tsohon hannu ne, ga kuma takardunsa a ajiye. Ya saka babbar riga, ya tafi asibiti. A kan benci ma har ya riƙa ba sababbin zuwa shawara, yana tausaya musu kan layin da za su sha, shi kuwa ranar aiki kawai ya zo karɓa.

Likitar da ya tarar mace ce, ana ce mata Likita Tahira. Ta duba shi, ta tabbatar ƙaba ce, ta fara rubuta gwaje-gwaje. Sai ya zaro takardun daga aljihu ya shimfiɗa mata a tebur a hankali.

"Likita, kada ki wahalar da kanki. An riga an yi duka."

Ta ɗaga ɗaya ta dubi kwanan wata, ta juya ta, ta yaba da yadda aka adana ta. Sannan ta ce, "Baba, wannan ai na shekara biyu da wani abu ne."

"To ai ba abin da ya same su. Ko ruwa bai taɓa su ba."

"Takardar ba abin da ya same ta. Jikin ne ba ya tsayawa wuri ɗaya. A nan in gwajin jini ya wuce wata shida sakewa muke yi, ko da mutum lafiyarsa ƙalau. In kuwa an yi wani ciwo a tsakani, ko na watan jiya ne ba ma yarda da shi. Barci za a sa ka, dole mu san yadda jikinka yake yanzu."

Ya tambaya ko akwai abin da bai lalace ba a ciki. Ta nuna masa layi ɗaya, rukunin jininsa, ta ce wannan ba ya canzawa. Da ya fito, waɗanda ya ba shawara suna nan a benci. Ya ce bai taɓa jin babbar riga ta yi masa nauyi irin na ranar ba, ya wuce su ya je ya kama ƙarshen layi.

Sakamakon ya fito, jini da fitsari lafiya, amma awo uku aka yi masa a ranaku daban-daban, duka suka nuna hawan jini. Likita Tahira ta rubuta magani, ta ce ya sha kullum, ya dawo bayan sati huɗu a ba shi rana.

A sati na uku ruwan shuka ya sauka. Ya ce bari ya shuka tukuna. Bayan shuka sai noman farko, sai maimai, sai taki. Ƙabar yana ɗaure ta da ƙyalle yana shiga gona. Maganin kuwa ya sha na kwana goma sha wani abu, da ya ji jikinsa daidai sai ya ajiye sauran don gaba. Bai koma ba sai da gero ya shiga rumbu, aka yi roron gyaɗa, aka gama bikin 'yar ƙaninsa. Wata bakwai cif.

Wannan karon bai jira ta yi magana ba. Yana miƙa sababbin takardun ya ga idonta ya sauka kan kwanan wata, sai ya ce, "Su ma sun tsufa ko?"

"Sun tsufa, Baba. Maganin fa?"

"Yana nan, Likita. Ban yar ba."

Ta ajiye biro ta dube shi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ƙaba tana iya murɗewa rana ɗaya a tsakiyar gona, kuma a lokacin babu mai jiran jini ya sauka. Ta ce gobe ya zo da wanda suke zaune tare.

Washegari Aina'u ta zo da mayafinta, ta zauna ta saurari komai. A ƙofar fita ta miƙa hannu.

"Malam, kawo."

Ya ba ta takardu da katin asibiti da magani. Karo na uku ke nan ya bi layin ɗibar jini, har mai ɗibar ya gaishe shi da suna. A gida kullum bayan karin kumallo sai ta tsaya a kansa har ya haɗiye ƙwayar, ta kuma janye gishiri da dunƙule daga miyarsa, ya ci tuwo yana ƙorafi ita kuwa ko a jikinta. Sati biyar jinin ya sauka. Aka yi aikin ranar wata Talata, kwana biyu aka sallame shi.

An ce ya dawo ranar Alhamis ta sama a duba ɗinki. Don tsoron kada ya sake makara, ranar Laraba ya isa asibitin tun ana shara. Nas ta duba katin ta ce gobe ne. Bai koma ƙauye ba, ya wuce gidan wani abokinsa Yahya a cikin Bici ya jira wayewar gari.