Dogo Mai Rediyo, Wanda Ya Fito da Maigida Daga Ɗaki

Mijin 'yata ne ya kashe rediyon motar Maigida, kuma ya san shi ne. Na san ba a tsayar da suruki a gaban jama'a, to yau na naɗe kunyar na ajiye. Amma kafin in dawo kansa, bari in ba mai haƙƙi haƙƙinsa.

Dogo Mai Rediyo nake nufi, mai 'yar rumfa a bayan tashar mota. Kullum da hantsi zai share ƙofar rumfar, ya shimfiɗa buhu, ya jera filaya da sukundireba, ya maƙala tabaransa da aka ɗaure wa ƙafa da zare. Ba ya kwance komai sai ya kasa kunne tukuna. Direbobi sun shaida: sau nawa mutum zai zo sayen sabon rediyo, Dogo ya laluba bayan tsohon, ya ce, "Tafi abinka, waya ce ta kwance."

Maigida kuwa a kan sitiyari ya tsufa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, likita ya ce ya riƙa takawa, ya ƙi. Abu ɗaya ke fito da shi, labaran safe. Sai ya dafa bango, ya ja ƙafa har tsakar gida inda motar take, ya zauna a mazauninsa ya kunna. An sayo masa rediyon hannu, ya ture shi ya ce, "Ni direba ne, ba mai gadi ba." Wannan 'yar tafiyar ita ce duk maganinsa.

Sai suruki ya ari motar. Ya zaro rediyon wai zai jona wayar caji, ya cusa shi ya mayar. Washegari Maigida ya kunna, sai shuuu, kamar ana soya ruwa. Da aka tambayi suruki, buɗar bakinsa sai ya ce, "Baba, ai tsufa ya yi. Komai da lokacinsa."

Maigida ya koma ɗaki ya juya wa bango fuska. Ya daina fitowa, ƙafar ta fara sandarewa ina kallo.

Na yafa mayafi na nufi tasha. Dogo ya ji bayanina, ya rufe rumfarsa da rana tsaka ya biyo ni.

"Inna, wa ya taɓa shi daga ƙarshe?"

"Wani gwani da ba a aike shi ba."

Ya yi dariya, ya kunna, ya saurara. Ya kama eriyar da ke saman motar ya girgiza, shuuun bai canja ba. Sai ya zura ƙarafa biyu sirara ya zaro rediyon a hankali. Ga kan wayar eriya nan, da ƙyar ya lafe a bakin raminsa, haƙoransa duk sun lotsa. Ya ɗaga su da sukundireba, ya kankare tsatsar, ya danna har ya ce ƙas, ya naɗe da tef. Ya gwada tun rediyon na kan cinyarsa, murya ta fito tas. Sannan ya sassauta wayar yadda turawa ba za ta fizge ta ba, ya mayar, ya sake gwadawa.

Sai ya kashe. Na ce, "Kai, bar shi Maigida ya ji mana!"

Ya leƙa ta tagar motar ya ɗaga murya: "Direba! Fito ka karɓi motarka. Ni ba na sallamar aiki sai mai ita ya gwada."

Can sai na ji tafin hannu a jikin bango. Maigida ya fito yana jan ƙafa, yana mita: "Wane ɗan ƙwaya ne a kujerata?" Dogo ya sauka ya riƙe masa ƙofa. Da mai labarai ya yi sallama, Maigida ya amsa masa da ƙarfi. Ni dai na zauna a kan turmi na ce alhamdu lillahi.

Dogo, kai ne kunnen mota. Kai ne ka duba rediyo ka hango mai shi. Na ji ido ya fara gajiya, ƙarshen wata za ka bar rumfa. Allah ya huta gajiya, ya ba ka mai riƙe maka ƙofa ranar da naka ƙarfin ya ƙare. Ku kuma masu gyara, ku koya: a gwada kafin a rufe, a tambaya kafin a ce abu ya mutu.

Saura kai, suruki. Waya kowa na iya sakinta, ban riƙe ka da wannan ba. Maganar nan ta tsufa nake bi. Gobe da safe Baba na cikin motarsa. Ka zo ka durƙusa a ƙofar direba, ka faɗa masa da bakinka wane ne lokacinsa ya wuce.