Tulun da Na Ɗora a Kan Bagbagyiya

Kano zuwa Guangzhou

Ƙarfe biyar da rabi na asubahin Litinin Kawu Sale ya danna hon a ƙofar gidanmu. Jirgi sai ɗaya na rana, amma Kawu, da ya daɗe yana saro kaya a Chana, ya fi yarda da zaman filin jirgi. Ni kuwa zumuɗi ya hana ni ko karyawa.

A kwamfutata akwai zane sittin da na yi wata takwas ina fama da su: katunan koyon yaren Gbagyi, hoto a sama, kalma a ƙasa. Mu jikokin Kaka a Kano aka haife mu, Hausa ta cinye mu, ita kaɗai ta rage mai yaren a gidan. A hira na riƙa tatsar kalmomin daga bakinta, zanen kuwa na ɓoye, so nake ta gani kwatsam.

Muka yada zango a Addis Ababa, Talata da la'asar muka sauka. Masaukinmu a titin Huanshi Lu, yuwan ɗari da tamanin a kwana. Na ci taliyar Musulmin Chana, na sha kunyar tsinken cin abinci.

Laraba, maɗaba'a

Tasi ta yi minti arba'in da mu daga masaukinmu zuwa maɗaba'ar. Mai maɗaba'ar ya duba zanena ya ce inji zai tashi ƙarfe huɗu, kwali dubu. Na ji kamar in yi guɗa.

A benci na tarar da wata mata riƙe da kati mai furanni, tana haska shi a waya, wata tsohuwa na faɗa daga can. Da ta gama muka gaisa da Turanci. Sunanta Dona, daga Kanada, 'yar ƙabilar Anishinaabe. Ita ma yarensu ne ke neman kuɓuce wa yara, shi ya sa take zana musu kati da riguna. Ni ma na ba ta labarin katunana da Kaka.

"Gwaggona ce," in ji ta. "Ta ce ganyen nan ba a dajinmu yake ba. Ba na buga komai sai tsofaffi sun gani. Taki kakar me ta ce?"

"Ba ta gani ba."

Maganar Dona ta shige ni. Na ciro wayata.

Biyu na rana a nan, bakwai na safe a Kano. Na kira wayar Mama aka miƙa wa Kaka, na haska mata hoton bayan kwali: mace da tulu a ka, zanen da na fi ji da shi.

"Wace ce wannan?"

"Bagbagyiya ce, Kaka."

"Bahaushiya dai! Ke Hajara, kin taɓa ganin na ɗora kaya a kaina? Mu a kafaɗa muke ɗauka. Kai yana ɗauke da tunani, sai ki ƙara masa tulu? Kar ki sa yarena a ƙarƙashin wannan."

Kunya ta rufe ni. Shekara ashirin da bakwai ina ganinta da bokiti a kafaɗa, na ɗauka tsufa ne. Ga shi matar tana kan kati tara, duk sai na gyara.

"Lawban, ƙara mana awa ɗaya," in ji Kawu. Lawban shi ne maigida da yaren Chana.

"Meyo!" in ji mai maɗaba'ar, wato babu. "Ƙarfe huɗu."

Na baje a ƙasa da alƙalamin kwamfuta. Dona ta riƙe mini waya, Kaka na ba da umarni: "Sauke shi kaɗan. Tanƙwara hannun. Yauwa!" Huɗu saura minti shida na miƙa. Da katin farko ya fito da ɗuminsa sai da na daka tsalle, Kawu na cewa in tuna a ƙasar mutane nake. Dona ta koya mini godiyarsu, miigwech, ni kuwa ban san ta Gbagyi ba balle in rama.

Gida

Lahadi da azahar muka sauka Kano, na taho da katan ɗaya, sauran na hanya. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga Kawu, ga Dona.

A ƙofar gida na ciccibi katan zan aza a ka, sai na hango Kaka a tsakar gida ta zuba mini ido. Na mayar da shi kafaɗa. Ta yi dariya har da tafi, sannan ta yi mini sannu da zuwa, ba da Hausa ba. Na ce, "Kaka, yaya ake amsawa da Gbagyi?"

"Ajiye kayan," ta ce. "Zauna in faɗa miki."