Wa Zai Juya wa Malam Armaya'u Dish?

Duk wanda ya yi firamare a Safana shekarun baya ya san Malam Armaya'u, in bai san shi da Turanci ba, to ya san shi da bulala. Siriri ne, mai tsabta, ga zuciya a kusa kamar ashana. Da ya yi ritaya ya koma gida Batsari, bai sayi shanu ba, bai buɗe shago ba. Sola ya sa, ya sayo talabijin, ya kafa dish a kan rufin zaure. Mutane suka ce, to, tsufa ya zo wa Malam da sabon salo.

Abin da ya ɗauke masa hankali wani shiri ne na wata tashar waje, labarin wani ɗan sanda mai sanƙo a wata ƙasa da ƙanƙara ba ta ɗagawa. Kullum an kashe wani, kullum mai sanƙo na tafe yana tari yana bincike. Yaren da suke yi ko Malam bai san kansa ba, amma ana rubuta Turanci a ƙasan hoton, nan kuwa an zo fagensa.

Abokin kallonsa ɗaya ne tal, Mani, wani manomi daga Wagini. Tare suka yi kiwon awaki suna yara, aka kai ɗaya boko, aka bar ɗaya da fartanya. Shirin kuwa ranar kasuwar Batsari ake sa shi, bayan azahar. Da Mani ya sayar da wakensa sai ya ɗaura buhu a babur ya nufi zauren. Malam ya gyara tabarau ya kama karanta rubutun yana mayarwa da Hausa, har da sauya murya, ta mace daban ta mai sanƙo daban. Mani ya saki baki yana "Kai! Ashe? Tir da halin wannan mutum!" Duk Batsari babu wanda ya rage yana sauraron Malam haka. 'Ya'yansa sun watse birane, ɗalibansa sun yi furfura.

Dish ɗin nan kuwa ɗan rainin hankali ne. Iska ta ɗan kaɗa, sai hoto ya daddatse ya tsaya cak, kuma ba ya yi sai an zo daidai wurin da za a kama ɓarawo. Gyaransa aikin mutum biyu ne. Mani ya hau tsani ya riƙa juyawa a hankali, yana tambaya, "Ya kawo?" Malam daga ciki yana ihu, "Dama! Haba, ka wuce! Koma kaɗan! Yauwa, tsaya nan, kada ka ko numfasa!"

Ana nan sai masu cajin waya na bakin kasuwa suka fara tura shirin a memori, an ɗora masa muryoyin Hausa. Malam ya ji samari na kallo, ya dawo yana huci. "Wannan fassara ce? Ɓarna ce! Mutum yana kukan ɗansa, su ce wai tuwo ne ya ƙone masa. Ɗan sanda guda da mutuncinsa sun raɗa masa Ɗan Ƙwalƙwal!" Ya yi ta faɗa a kan mutuncin harshe. Amma a faɗi gaskiya a huta, ba harshe ne ya dame shi ba. Tsoro yake ji. In waya za ta yi wa Mani Hausa, me zai kawo shi zaure?

Ranar da abin ya fashe, ana cikin wani labari mai tsawo na kisan wani attajiri. Mai sanƙo ya shiga gidan likitan garin, likita ya miƙa masa shayi yana murmushi. Malam bai ko fara karanta layin ba, Mani ya yi zumbur ya miƙe.

"Kada ka sha, Ɗan Ƙwalƙwal! Shi ne ya kashe shi!"

Malam ya cire tabarau a hankali.

"Wa ya gaya maka likita ne? Kuma a ina ka ji wannan suna?"

Mani ya sosa ƙeya. "Wallahi, Malam, Sumayya ce, 'yar wajena, ta turo a wayarta. Na ɗan leƙa ne kawai."

"Ka ɗan leƙa. Wato ina ta ɓata yawuna, kana zaune kana mini 'ashe, ashe', kana mayar da ni mahaukaci? To tunda ka samu malamai a bakin kasuwa, Allah ya ba da sa'a. Tashi ka ba ni wuri."

"Haba Armaya'u, a kan talabijin?"

Malam ya kashe talabijin ɗin, ya shige cikin gida. Kasuwa ta zagayo, Mani ya zo ya yi ta sallama. Malam na ciki yana jin sa sarai, ya ce wa matarsa ta ce yana barci. Mani ya ajiye ƙullin wake a bakin zaure ya tafi. Ya sake dawowa, aka sake ce masa barci. Daga nan bai ƙara zuwa ba. Malam ya ce a ransa, bari ya ɗan ji jiki, da Sallah sai in je in same shi. Ka ji girman kan banza, kamar shi ke riƙe da kwanan mutane.

Kafin Sallar, zazzaɓin damina ya kwantar da Mani, bai tashi ba. Sai da aka kai shi aka dawo sannan labari ya iso Batsari.

Malam ya je Wagini gaisuwa. Zuwairatu, matar Mani, ta amsa masa daga bakin ƙofa, ya yi addu'a, zai juya ta ce, "Malam, ba leƙe ya yi ba. Tun bara ya kalle shi kaf, har ƙarshe. Na ce masa, to mi za ka je yi a wannan hanya da ake tare mutane, ga wake ana saye a nan? Ya ce, 'Zuwaira, ba kallo nake zuwa ba. Armaya'u ba shi da ɗalibi sai ni. Ki gan shi in yana karatun nan, yaro yake komawa.'"

Malam, mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana koyar da Turanci, ranar nan ko "na gode" ta gagare shi. Ya hau babur, hawaye na zuba har Batsari. Bai taɓa nadama irin wannan ba, kuma ba ta sake shi ba har yau.

Yana nan da ransa, in ka je za ka same shi a zaure. Har yanzu yana kunna shirin ranar kasuwa, sai dai a zuci yake karantawa. Kwanan baya iska ta taso, hoto ya ɗauke. Da kansa ya jingina tsani, ya hau da ƙyar, ya kama dish ya juya. Maƙwabta suka ji shi ya ɗaga murya ya ce, "Ya kawo?"

Ya tsaya can sama, ya daɗe yana sauraro.