Takin Zubair a Gonar Sama'ilu

Malam Sama'ilu bai taɓa sata ba, wannan kowa a ƙauyensu na gefen Tsanyawa zai shaida. Mutum ne da ko kazar maƙwabci ce ta yi ƙwai a gidansa, sai ya bi mai ita da ƙwan har ƙofa. Noma ya gada, da 'yar gona guda wadda ƙasarta ta gaji ta yi fari fat. Tun yana saurayi yake lallaɓa ta da kashin 'yan awakinsa, har furfura ta cika masa gemu bai taɓa cika rumbu ba. A nan gona manne take da gona, ƙasa ba ta hutu, wanda ba shi da taki wahala kawai yake shukawa.

Maƙwabcinsa a gona Zubair ne, magidanci mai ƙananan yara, layin gamba kaɗai ya raba su. Wata bazara Zubair ya sayar da ragunansa ya sa a kawo masa taki mota guda daga birni. Kafin motar ta iso ciwo ya kayar da shi, aka tafi da shi asibiti. Direban baƙo ne, kwatance aka yi masa, ya zo ya juye kayansa a gonar Sama'ilu ya kama gabansa.

Sama'ilu ya gani, ya kuma san na wane ne. Ya ce a ransa bari Zubair ya dawo ya faɗa masa. Sai ruwa ya sauka da wuri ya fara wanke tsibin, shi kuwa ya ɗauko shebur ya baza, wai kada ya lalace a banza. Haka zuciya take yi wa mutumin kirki: ba ta ce masa ya ci, sai ta ce kada a yi asara. Iyalan Zubair suna ta tsine wa direba cewa ya gudu da takinsu, Sama'ilu yana ji ya yi gum.

Daminar nan geronsa ya yi kyan da masu wucewa ke tsayawa kallo. Gonar Zubair kuwa ciyawar wuta-wuta ta cinye ta. Zubair ya dawo gida bai warke ba, bayan kaka ya rasu, Sama'ilu na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Daga ranar Sama'ilu ya daina cin tuwon geron nan. Tsoro ne ya kama shi, tsoron haɗuwa da Zubair gobe ƙiyama.

Ya je ya faɗa wa liman komai. Liman ya ce abin da ya shigo hannun mutum ba da haƙƙi ba, ko kuskure ne ya kawo shi, mayarwa ake yi, kwatankwacinsa, sannan a nemi yafiya. Sama'ilu ya sayar da awakinsa, ya ari jaki, ya ƙare rani yana tara taki. Da ya kammala ya yi sallama da Aina'u, matar marigayin, ta fito zaure.

Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce, "To Baba, a ina za a zuba? Gonar ai an sayar. Hatsi ya yanke mana tun sanyi bai fita ba, ita muka ci."

Ya koma ya kwaso geron da ya rage a rumbunsa. Ta karɓa, ta ce saboda yara. Ya durƙusa, tsofai-tsofai da shi, ya roƙe ta ta yafe masa.

Aina'u ta ce, "Nawa kason na yafe, Baba. Na marayu kuwa ba ni da iko a kai, liman ma zai gaya maka. Sai sun girma ka tambaye su da kanka."

Ta juya za ta shiga gida, sai ya ga autan, Najib, goye a bayanta, ko yaye shi ba a yi ba. Malam Sama'ilu kuwa ya haura shekara saba'in.